Mashigar Khaibar: ƙofar da makullinta ke kan tudu

Tambaya: "Ina yawan jin sunan mashigar Khaibar da ke tsakanin Pakistan da Afganistan, ana ce mata ƙofar Indiya. Na duba taswira na ga ba ta da wani tsayi idan aka kwatanta da sauran duwatsun yankin. To me ya sa ta yi suna haka a tarihin yaƙi? Ita ce Khaibar ɗin da muke ji a tarihin Manzon Allah (SAW)? Kuma da gaske a cikinta aka hallaka rundunar Turawan Ingila a 1842?"

Malam, Allah ya ƙara basira. Bari a fara da mai sauƙin. Khaibar ta tarihin Manzon Allah (SAW) dausayi ce a Hijaz, kimanin kilomita 150 arewa da Madina, kuma a shekara ta 7 bayan hijira aka yi yaƙinta. Wannan da kake tambaya a kanta tana ƙasar ƙabilar Pashtun ne, dubban kilomitoci gabas da waccan. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, a tsakiyar mashigar akwai wani ɗan masallaci da ake kira Ali Masjid, wanda mutanen wurin ke dangantawa da Sayyidina Ali, sai mai ji ya haɗa shi da jarumtar da ya nuna a Khaibar ta Hijaz. Wurare biyu ne daban. Idan za ka neme ta a taswira, Khyber Turawa ke rubutawa.

Lurar da ka yi cewa ba ta da tsayi kuwa daidai ce, kuma rabin amsar a nan take. Ƙolinta, a Landi Kotal, mita 1,070 ne kacal daga doron teku. Salang da ke arewacin Kabul ta doshi mita 3,900. Peiwar Kotal ta kwarin Kurram tana wajen 2,600, Khojak ta hanyar Kandahar kuma wajen 2,300. Waɗannan duk dusar ƙanƙara kan wahalar da su da hunturu, wasu ma ta rufe su ruf. Khaibar a buɗe take duk shekara. Raƙumi da kayansa yana hawanta, daga baya keken igwa ya hau, mota ta hau, har jirgin ƙasa. Sannan ita ce hanya mafi kusa tsakanin Kabul da Peshawar, wato tsakanin tsaunukan Afganistan da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kogin Indus. Dutsen da ba ya hawuwa ba mai zubar da jini a kansa. Wanda kowa zai iya bi, shi ake rigima a kai.

Yana da kyau ka bi hanyar a zuciyarka daga gabas zuwa yamma, domin kowane yaƙi da za mu ambata a ɗaya daga cikin waɗannan wurare aka yi shi. Ka tashi daga Peshawar, ka yi yamma tafiyar ƙasa da kilomita 20 a fili, sai ka iske Jamrud da tsohuwar ganuwarta ta laka, da babbar ƙofar nan ta Bab-e-Khyber da aka gina a farkon shekarun 1960. Daga nan tsaunukan Spin Ghar suke fara haɗiye hanyar. Tana hawa a karkace har zuwa tudun Shagai, inda Turawa suka gina barikin jan bulo a shekarun 1920. Sai ta gangara cikin kwazazzabon Ali Masjid, wurin da ya fi ko'ina ƙunci. Kafin a fasa dutsen a faɗaɗa, raƙuma biyu masu kaya da ƙyar suke gittawa, ga bangon dutse dama da hagu, ga ɗan rafi a ƙasa, ga kagara a kan wani tsauni da ke leƙen hanyar kai tsaye. A jikin duwatsun wannan yanki har yau akwai tambarin bataliyoyin da suka yi zama a wurin, an sassaƙa an shafa fenti.

Bayan Ali Masjid sai kwarin ya buɗe. Nan za ka ga gidajen Zakka Khel, wani dangi na ƙabilar Afridi, kowanne da doguwar katangar laka ba taga, da hasumiya a kusurwa mai ƙananan ramuka na leƙo bakin bindiga. A kan wani tudu gefen hanya akwai kufan wurin ibadar mabiya Buda da ake kira Sphola, shaidar cewa fatake da masu ziyara na bin hanyar tun zamanin daular Kushan. Daga nan sai Landi Kotal, fili mai faɗi a saman mashigar, da kasuwa da barikin soja. Sannan gangare mai tsanani ta Michni da Landi Khana zuwa Torkham, inda kan iyaka yake. Ƙolin yana cikin Pakistan ne, 'yan kilomitoci kafin iyakar. Duka mashigar ana ƙiyasta ta kilomita 53. Bayanta sai Dakka a bakin kogin Kabul, sai Jalalabad.

Mai kallon taswira zai ce me ya hana a bi kogin Kabul kawai, tunda shi ma daga Jalalabad Peshawar ya nufa? Kogin yakan karkata arewa ya shiga wani matsattsen kwazazzabo a ƙasar Mohmand, inda ba gaɓar da ayari zai taka. Khaibar yanke ce da ke tsallake wannan lanƙwasa.

Rabin amsar na biyu, wanda ya fi muhimmanci a ganina, mutane ne. Yawancin mashigar ƙasar Afridi ce, da dangoginsu irin su Kuki Khel na wajen Jamrud, da Malikdin Khel, da Zakka Khel. Wajen Landi Kotal zuwa Torkham na Shinwari ne, waɗanda ke zaune a ɓangarorin iyakar biyu. Arewa akwai Mullagori da Shalmani. Ƙasar duwatsu ce mai ƙarancin noma, don haka tun fil azal hanyar ita ce gonarsu: ko ayari ya biya kuɗin wucewa a raka shi lafiya, ko a tare shi. Kuma ƙarfin Afridi ba a cikin mashigar yake ba. Yana kudu da ita, a kwarin Bazar da tsaunukan Tirah, inda suke hawa da iyalansu da rani. Wanda ya kama hanyar bai kama Tirah ba, kamar ya kama wutsiyar maciji ne ya bar kan.

Yanzu ka duba abin da ke samun runduna idan ta shiga irin wannan wuri. A fili, mutum dubu goma za su ja daga mai faɗi, kowa ya yi amfani da makaminsa. A kwazazzabo sai su koma zare guda. Alfadari yana ɗaukar kusan kilo 70, raƙumi kilo 150 zuwa 180, kuma dabbar ma sai an ɗauko mata harawa domin ba ciyawar kirki a hanya. Ka ce raƙuma 5,000 ne, kowanne ya ci mita 4 a layi. Kilomita 20 ke nan. Goshin rundunar ya sauka a zango yana dafa abinci, ƙarshenta bai tashi daga zangon jiya ba. Mutum hamsin a kan tudu sun isa su harbe raƙuma goma a wuri mai ƙunci, layin ya tsaya cik, na gaba ba su iya komowa, na baya ba su iya wucewa. Yawan da ake tinƙaho da shi ya zama kaya.

Maganin da sojojin Indiya ta Birtaniya suka koya da jini shi ne a riƙe tudu kafin a taka kwari. Ga yadda ake yi. Rundunar gaba takan tashi tun kafin asuba. Duk tsaunin da harsashi zai iya isa hanya daga kansa, sai a ware masa 'yan gadi, daga mutum goma zuwa ɗari gwargwadon girmansa, su hau yayin da igwar dutse da aka sauke daga bayan alfadarai ke kare su. Da sun isa sai su tara duwatsu su yi ɗan shinge iya ƙirji, wanda ake kira sangar, su yi alama da tuta ko madubin rana cewa sun kama wurin. Sai ayarin ya wuce a ƙarƙashinsu. Kwamandan rundunar baya, mai riƙe da jar tuta, shi kaɗai ke da ikon kiran kowane rukuni ya sauko, ɗaya bayan ɗaya, bayan raƙumi na ƙarshe ya shige.

Saukowar nan ita ce lokacin mutuwa. Mayaƙan ƙabila sukan laɓe a bayan tudun, wani lokaci taku kaɗan daga shingen, suna jira. Da na ƙarshe ya juya baya sai su haye wurin su buɗe wuta a kan masu gangarawa. Shi ya sa ake janye mutane kaɗan-kaɗan a ɓoye, a bar masu saurin gudu a ƙarshe su sheƙo da gudu ɗaya, igwa na dukan ƙolin. In aka harbi mutum ɗaya, dole a sake hawa a ƙwato tudun, domin ba a barin mai rauni, kuma ɗaukarsa na cin mutum huɗu. Kurakuran da suka fi kashe mutane sanannu ne: bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kwana biyu a jere, shiga busasshen rafi don neman sauƙin tafiya, ƙyale wani tudu saboda gajiya, da barin magariba ta riski rundunar baya a waje. Ingancin bindiga ma ya ƙara wahalar. A 1842 doguwar bindigar Afganawa, jezail, ta fi ta sojan Ingila nisan zango. A 1897 Afridi na riƙe da Martini-Henry, sai ya zama tudun da a da ba a damu da shi ba dole a hau shi, ga shi yawan sojan bai ƙaru ba.

Game da tarihi, akwai ƙarin gishiri a maganar nan ta cewa duk wanda ya ci Indiya ta Khaibar ya shigo. Iskandar na Makidoniya, a shekara ta 327 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), raba rundunarsa ya yi. Ya tura babban ɓangare ƙarƙashin Hephaestion da Perdiccas su nufi Indus, shi kuma ya bi arewa ta Kunar da Bajaur da Swat. Mahmud na Ghazni ya ci Jayapala kusa da Peshawar a 1001, amma mayaƙan da ke fitowa daga Ghazni sau da yawa mashigun kudu irin su Gomal suka fi musu kusa. Tauraron Khaibar ya haska sosai ne lokacin da Kabul da Delhi suka shiga hannu ɗaya. Babur ya fara bin ta a 1505, ya kafa daular Mugal bayan yaƙin Panipat a 1526, kuma a zamanin jikansa Akbar, wajen 1581, injiniyansa Qasim Khan ya gyara hanyar har keken shanu ke bi.

Darasi mafi ɗaci kuwa Mugal ne suka fara sha, ba Turawa ba. A 1672 gwamnan Mugal na Kabul, Muhammad Amin Khan, ya taso daga Peshawar zai koma Kabul da rundunarsa da iyalai da dukiya, alhali ƙabilun sun yi gayya ƙarƙashin Aimal Khan. An gargaɗe shi, bai ji ba. Ya shiga ya yi sansani a cikin mashigar, ya bar tuddai a hannun maƙiya. Da dare suka sauko suka raba shi da rafin da yake ɗiban ruwa. Gari ya waye, rana ta take, mutane da dawakai da giwaye ga ƙishirwa, ga duwatsu da kibau na zubowa daga sama. Marubutan tarihin Mugal sun ce an kashe kimanin 10,000, an kama wajen 20,000. Gwamnan da ƙyar ya tsira da ransa zuwa Peshawar. Tawayen ya bazu, mawaƙi kuma jarumi Khushal Khan Khattak ya shiga ciki, har sai da Sarki Aurangzeb da kansa ya zo ya tare a Hasan Abdal a 1674, ya yi fiye da shekara. Abin da ya buɗe hanyar daga ƙarshe ba takobi ba ne. Kuɗi ne ake ba shugabannin dangogi duk shekara, da dabarar raba kansu. Riƙe wannan, domin duk wanda ya zo bayansa a nan ya ƙare.

Nadir Shah na Farisa ya nuna ɗaya fuskar. A Nuwamban 1738 gwamnan Mugal, Nasir Khan, ya toshe mashigar da mayaƙa wajen 20,000. Nadir bai tunkare shi ba. Ya bar sansaninsa yadda yake don a zaci yana nan, ya ɗebi zaɓaɓɓun mahaya ya bi wata ɓarauniyar hanya ta kudu, ta Tsatsobi da kwarin Bazar, tafiyar kusan kilomita 80 a duwatsu, ya ɓullo wa Nasir Khan ta baya. Da ɗan gari akan ci gari, domin irin wannan hanya ba baƙon da zai bi ta ba jagora. Wata uku bayan haka ya ragargaza Mugal a Karnal, a Maris na 1739 yana Delhi. Khaibar ba rami ɗaya ba ce a jikin katanga. Kewaye take da ƙananan hanyoyi, kudu da arewa, waɗanda ba sa ɗaukar keken igwa amma suna ɗaukar mai ƙafa da alfadari. Duk mai tsaron da ya zuba ido ga bakin ƙofa kaɗai, ta baya ake cin sa.

Mayaƙan Sikh na Ranjit Singh, sarkin Punjab, sun kama Peshawar a 1834, janar ɗinsu Hari Singh Nalwa ya gina ganuwar Jamrud a 1836, aka kashe shi a gabanta a 1837 lokacin da Afganawa suka kawo farmaki. Sun tsaya a baki, ba su taɓa mallakar cikin ba.

Sai batun 1842. A'a, ba a Khaibar aka hallaka rundunar ba, ko da yake mutane da yawa haka suka ɗauka. Tun shigar Turawan Ingila Afganistan a 1839, babbar rundunar ta mashigar Bolan da Kandahar ta bi, wata ƙarama ce ƙarƙashin Claude Wade ta bi Khaibar ta kama Ali Masjid. Da aka kore su daga Kabul a Janairun 1842, sojoji kimanin 4,500 da mabiya wajen 12,000 suka fito cikin dusar ƙanƙara suna nufin Jalalabad. A Khurd Kabul da Jagdalak da Gandamak aka ƙare su, duk tsakanin Kabul da Jalalabad. Likita William Brydon ya isa Jalalabad ranar 13 ga Janairu a kan doki mai rauni. Khaibar tana gaba, ba su ko kai gare ta ba.

Rawar da Khaibar ta taka a wannan yaƙi ita ce hana agaji isa. A watan Janairun nan Birgediya Wild ya yi ƙoƙarin kutsawa ta ƙasan kwari, aka fatattako shi. Janar George Pollock ya karɓi ragama, ya iske sojoji marasa lafiya da karyayyar zuciya, ya ƙi motsi har wata biyu duk da kiran gaggawa daga Jalalabad. Ya rage kaya, ya tanadi ruwa, ya koya wa kowa aikinsa. Ranar 5 ga Afrilu ya fito cikin duhu ba busa ba ganga, ya kasa rundunar uku. Afridi sun toshe bakin mashigar da shingen duwatsu da laka da rassan itace. Kashi biyu suka hau tuddan dama da hagu suka kore masu gadinsu, suka leƙo bayan shingen daga sama, sai masu tsaronsa suka watse, kashi na tsakiya ya rushe shi ya wuce da asara kaɗan. Mutane iri ɗaya, wuri ɗaya, tsakaninsu wata uku, Wild ya bi ƙasa, Pollock ya bi sama.

A 1878 daga Ali Masjid yaƙi na biyu tsakanin Birtaniya da Afganistan ya tashi. A Satumba kwamandan Afganawa na wurin ya mayar da tawagar Birtaniya ta Janar Neville Chamberlain da ke son zuwa Kabul, alhali Sarki Sher Ali na Afganistan ya karɓi ta Rasha. Ranar 21 ga Nuwamba Janar Sam Browne ya kawo hari. Ya tura birged biyu, ta Tytler da ta Macpherson, su zagaya ta tsaunukan arewa, shi ya tunkari kagarar. Masu zagayen suka makara saboda duhu da munin hanya, harin gaba ya cije, aka yi asarar rayuka a banza. Amma da Afganawa suka ji Tytler ya sauko bayansu, suka fice cikin dare suka bar igwoginsu. Yarjejeniyar Gandamak ta Mayun 1879 ta miƙa wa Birtaniya ikon mashigar. Sojojin da suka komo ta cikinta a watan Yuni, cikin zafin da ke haura maki 40, kwalara ta kashe musu fiye da waɗanda harsashi ya kashe a Ali Masjid.

Daga nan Turawa suka koma kan tsarin Aurangzeb, suka yi masa kwaskwarima. A 1881 aka ƙulla yarjejeniya da Afridi: gwamnati ta karɓi kuɗin wucewa daga ayari, ta biya dangogi alawus duk shekara, kowane dangi ya ɗauki alhakin yankinsa. Aka ɗebi 'ya'yansu aka kafa dakarun da suka zama Khyber Rifles. A lokacin ana buɗe hanya ga ayari ranakun Talata da Juma'a, tare da rakiya. Dokar gwamnati tana aiki a kan hanya da 'yan taku kaɗan gefenta, bayan nan sai jirga, wato taron dattawa. In aka yi fashi, a tsayar da alawus na dangin duka, ko a hana su kasuwar Peshawar. Robert Warburton, wanda mahaifiyarsa Ba'afgana ce kuma yana jin harsunan yankin, ya riƙe wannan aiki kusan shekara 18. A 1893 aka shata layin iyaka da ake kira layin Durand, bisa yarjejeniya tsakanin jami'in Birtaniya Mortimer Durand da Sarki Abdur Rahman na Afganistan, layi mai tsawon kusan kilomita 2,600 da ya ratsa tsakiyar ƙasar Pashtun.

Raunin tsarin ya fito a Agustan 1897, jim kaɗan bayan tafiyar Warburton. Ƙarin harajin gishiri, da tsoron sabon layin iyaka, da wa'azin malamai suka haɗu, duk yankin ya kama wuta. Da rundunar gayya ta Afridi ta doso, hukumomin Peshawar suka janye hafsan Bature daga Landi Kotal, suka ƙi tura ɗauki, suka bar Khyber Rifles su fuskanci 'yan'uwansu su kaɗai. Wasu sun yi yaƙi har iya ƙarfinsu, kuma abin kunya ne ga waɗanda suka yashe su. Cikin kwana uku duk kagarun suka faɗi. Don ƙwato hanya mai kilomita 53, sai da Janar William Lockhart ya shiga Tirah da soja wajen 35,000, aka yi kazamin faɗa a Dargai ranar 20 ga Oktoba, aka sha baƙar wuya wajen fitowa ta kwarin Bara a Disamba. Bayan duk wannan, alawus aka mayar.

A yaƙi na uku tsakanin Birtaniya da Afganistan, ruwa ne ya sake zama makami. A farkon Mayun 1919 sojojin Sarki Amanullah na Afganistan suka tsallako suka kama ƙauyen Bagh, wanda ke leƙen maɓuɓɓugan da ake turo wa Landi Kotal ruwa daga gare su. Harin farko na Turawa ranar 9 ga wata bai yi nasara ba, domin an rarraba sojan wajen gadin tuddai har na farmakin suka yi kaɗan. Ranar 11 suka komo da ƙarin soja da igwa suka ƙwace wurin, suka wuce Dakka. Khyber Rifles suka fara gudu da bindigoginsu, aka rushe rundunar, ba a sake kafa ta ba sai 1946. Ranar 24 ga Mayu jirgin sama guda ya tsallake duwatsun ya jefa bam a Kabul. Yarjejeniyar Rawalpindi ta 8 ga Agusta ta bai wa Afganistan 'yancin harkokinta na waje.

Wannan yaƙi ne ya sa aka shimfiɗa layin dogo daga Jamrud zuwa Landi Kotal, aka buɗe shi a Nuwamban 1925. Aiki ne na ban mamaki: ramuka 34 a cikin dutse, gadoji da kwalbatoci 92, hawan mita 3 a kowace mita 100. Inda dutsen ya ƙi lanƙwasa, jirgin kan shiga layi mai toshewa, a juya masa hanya, ya ci gaba da hawa da baya, kan jirgi ɗaya na ja ɗaya na turawa. An kuma yi layukan tsira masu hawa tudu don tare taragon da ya ƙwace. 'Yan kwangilar ma daga cikin dangogin aka ɗauko su, in ba haka ba ko tsakuwa ba za a zuba ba. Ambaliya ta wanke sassan layin a tsakiyar shekarun 2000, jirgi ya daina hawa. A lokacin yaƙin duniya na biyu kuma an kafa turakun kankare a ƙasan kwarin don tare tankokin Jamus, waɗanda ba su taɓa zuwa ba.

Kana iya cewa zamanin jirgin sama ya kashe muhimmancinta. Bai kashe ba, saboda nauyi. Runduna ta zamani man fetur take sha kamar ruwa, kuma ɗauko shi ta sama ya ninka tsada sau da yawa. Bayan 2001 yawancin kayan ƙungiyar tsaro ta NATO a Karachi ake sauke su, tireloli da tankokin mai su yi tafiyar kusan kilomita 1,800 zuwa Torkham, wasu kuma su bi Chaman, ƙofar iyaka ta hanyar Kandahar. Abin da ya sami raƙuman Mugal shi ya sami tirelolin. A Disamban 2008 an ƙone motoci fiye da 100 a wuraren ajiya na gefen Peshawar. A Fabrairun 2009 an tarwatsa gada guda a cikin mashigar, zirga-zirga ta tsaya. Sai dai rufewa mafi tsawo ba 'yan bindiga suka yi ta ba. Bayan harin jiragen Amurka kan sansanin sojan Pakistan na Salala da ke bakin iyaka ranar 26 ga Nuwamban 2011, wanda ya kashe sojan Pakistan 24, gwamnatin Pakistan ta rufe hanyar har Yulin 2012, wata bakwai, NATO ta koma jigila ta Rasha da Asiya ta Tsakiya da kuɗi mai yawa.

Su kuwa masu yaƙin sari-ka-noƙe ba su cika buƙatar babbar hanyar ba. A shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Kabul da sojan Sobiyet ke riƙe da titin Jalalabad, makaman mujahidai ta ƙananan hanyoyin Kurram da Waziristan da Kunar suka riƙa shiga a bayan alfadarai. Da suka gwada yaƙin fito-na-fito don kama Jalalabad a 1989, sun sha kashi. A ƙarshen 2001 ma ta tsaunukan Spin Ghar, bayan yaƙin Tora Bora, mayaƙa suka sulale zuwa Pakistan ba tare da sun taka Torkham ba.

A yau tsohon tsarin yankunan ƙabilu ya kau a takarda, domin a 2018 an haɗe su da lardin Khyber Pakhtunkhwa, an soke dokar Turawa ta 1901 mai hukunta dangi duka da laifin mutum ɗaya. Pakistan ta fara kafa shingen waya a kan layin Durand tun 2017, bayan musayar wuta da aka yi a 2016 kan gina ƙofa a Torkham. Afganistan kuwa, wadda ita kaɗai ta ƙi amincewa da shigar Pakistan Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947 saboda wannan layi, har yanzu ba ta yarda iyaka ce ta dindindin ba, kuma Taliban da suka karɓi ɓangarensu na Torkham ranar 15 ga Agustan 2021 ba su sauya matsayin ba. Duk lokacin da ƙasashen biyu suka saɓa, ƙofar ake fara rufewa. Sai ka ga ɗaruruwan tireloli jere a gangaren Landi Kotal, inabi da tumatir na ruɓewa a cikinsu, marasa lafiya masu neman asibitocin Peshawar na zaune a bakin waya, da Shinwari da ke jiran a buɗe su je jana'izar ɗan'uwa a ƙauyen da suke hange daga inda suke tsaye.